Tsumma ne ko yashi? Darasin balan-balan mai ruwa daga Udubo

 A wannan makon ban zo da sunan wata cuta ko wani sabon magani ba. Magana ce a kan wata ɗabi'a da rashinta ke jawo wa gidajenmu asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar rai, wato tsayawa a yi tambaya: "Ta yaya muka san wannan abin ne ya yi aiki?" Yara kan taso da irin wannan tambaya a bakinsu. Mu manya ne muke kashe ta da tsawa ko da dariya, sannan bayan shekara 20 mu dawo muna mamakin yadda mutum mai hankali zai sayi ƙwaya a bakin tasha don kawai mai lasifika ya rantse masa.

Misalin da zan kafa maganata a kai daga garinmu yake, Udubo, a Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, can ƙasar Katagum. Wanda ya san yankin ya san ƙasa ce ta yashi, ta gero da wake, inda ruwa ke da daraja. Na je hutun Babbar Sallah gidan Yayana, inda mahaifiyarmu ke zaune. Kwana biyu bayan Sallah sai 'yarsa mai shekara 10, wadda ke aji huɗu a firamare, ta tattara ragowar balan-balan ɗin da aka saya wa yara, ta ƙaro wasu da kuɗin barka da sallarta. Malamin kimiyyarsu ya taɓa ce musu duk abin da aka saki daga sama, gwargwadon nisan da ya faɗo gwargwadon ƙarfin da zai bugi ƙasa da shi. Ita kuwa so take ta gani da idonta. Tambayarta guda ce: daga wane tsawo balan-balan mai ruwa zai fashe?

Ta ari tef ɗin awo na mahaifiyarta, wadda ke ɗinki a gida, ta yi alama da gawayi a jikin katanga: rabin mita, mita ɗaya, mita ɗaya da rabi. Takan zuba ruwa a gorar roba, ta saƙala bakin balan-balan a bakin gorar, ta matsa, ta ƙulle. Kafin a ankara ta fasa uku, tsakar gida ta jiƙe, ƙannenta na ta ihu da tsalle. Mahaifiyarta ta fito da faɗa, kuma tana da gaskiya, domin ruwan nan sai an ɗebo ko an saya a wajen ɗan garuwa. Yaya ya leƙo daga zaure ya ce, "Wannan wane irin wasan banza ne? Yarinya ta girma, maimakon ta kama wa uwarta aiki!" Na ga ta sunkuyar da kai ta fara tattara kayanta.

Na ce, "Yaya, don Allah a ba ni aronta na awa ɗaya. Ruwan ɗaurayar wanki za mu yi amfani da shi, kuma a daɓen wanke-wanke za mu yi, inda ruwan ke gangarawa gindin zogale. Babu abin da zai tafi a banza." Ya girgiza kai ya ce, "To, ku 'yan boko kun fi kusa," ya koma zaure.

Sharaɗi uku na gindaya mata. Kowane balan-balan ruwa gwangwanin madara biyu za a zuba masa, ba ƙari ba ragi. Sakinsa za ta yi, ba jifa ba. Kuma duk abin da ya faru za ta rubuta a bayan littafinta, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. A kowace alama ta gwada sau biyar. A rabin mita babu wanda ya fashe, sai tsalle suke kamar kwaɗi. A mita ɗaya biyu suka fashe, uku suka tsira. A mita ɗaya da rabi huɗu suka fashe. Ta ɓata rai ta ce, "Gwaggo, me ya sa ba su daidaita ba? Ai tsawon ɗaya ne." Na ce mata robar ce ba ta zama ɗaya, wata ta fi wata kauri, wata ta sha rana a tiren mai talla. Na tambaye ta, da sau ɗaya ta gwada a mita ɗaya, ta yi sa'a da mai ƙwari, me za ta rubuta? Ta ce za ta rubuta ba ya fashewa. Na ce, da kuma ta faɗa kan mai rauni fa? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe sau ɗaya bai isa ba."

Daga nan sai wata dabara ta faɗo mata. Ta ɗauko tsohon ɗankwali ta naɗe balan-balan da shi. Da yake daɓen ya yi santsi, sai ta auna kara daidai mita ɗaya da rabi, ta koma gefe inda yashi yake, ta saki guda uku ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya bai fashe ba. Ta rugo da gudu tana cewa, "Na gano! Tsumma ne maganin fashewa!"

Inna na zaune a tabarma tana tsintar wake, kamar ba ta kallonmu. Sai ta ɗago ta ce, "Ke kishiya, zo nan. Na farkon a ina kika sake su?" Ta ce, "A kan siminti, Kaka." "Waɗannan fa?" "A kan yashi." Inna ta ce, "To wa ya gaya miki tsumman ne? Ko ƙwai kika yar a yashin nan ba lallai ya fashe ba."

Inna ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma a taƙaice ta faɗi ƙa'idar da muka kwashe zango guda muna karantawa a jami'a: idan ka sauya abu biyu a lokaci ɗaya, ba za ka san wanne ya kawo bambancin ba. A gona ta san wannan. Manomi mai lura idan aka ba shi sabon iri, a gona ɗaya yake shuka shi kusa da tsohon, a rana ɗaya, da taki iri ɗaya, sannan ya jira kaka ta yi hukunci. Yarinyar ta koma ta kasa gwajin kashi huɗu: mai tsumma da marar tsumma a kan siminti, mai tsumma da marar tsumma a kan yashi. Sai ga shi a kan yashi duk sun tsira, da tsumma da babu. A kan siminti ne kaɗai tsumman ya ɗan taimaka. Yawancin yabon da ta ba ɗankwali ashe na yashi ne.

Ga iyayen da 'ya'yansu za su tsare su da tambaya, ga abin da ke faruwa. Ƙasa na janyo duk abin da aka saki, kuma a kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa. Abin da ya faɗo daga mita ɗaya ba ya cika rabin daƙiƙa a hanya, amma yakan iso da gudun kusan kilomita 16 a awa. Daga mita biyu, kusan kilomita 22 a awa. Daga mita biyar, kusan kilomita 36 a awa. Ruwa kuma ba ya matsuwa kamar soso. Idan balan-balan ya tsaya farat ɗaya a kan siminti, ruwan sai ya bazu gefe da ƙarfi, ya miƙar da robar har ta yage. Yashi kuwa yana lotsawa, yana ba abin ɗan lokaci kafin ya tsaya, don haka bugun ya ragu. Wannan ne dalilin da ya sa hular kwano ke da abu mai laushi a cikinta, kuma shi ya sa yaron da ya faɗo daga reshen mangwaro mai tsawon mita biyar daidai yake da wanda ya faɗo daga babur mai gudu. Irin wannan yaro, ko ya tashi yana tafiya, idan ya yi amai, ko ya cika barci, ko ya rikice, asibiti za a nufa da shi nan take.

Akwai gwaji na ƙarshe da ya tara mana mutanen gida. Ta cika wani balan-balan da gwangwani uku, wani da gwangwani ɗaya, ta tambayi kowa wanne zai riga isa ƙasa. Kowa ya ce babban, har da Yaya, wanda zuwa lokacin ya baro zaure ya jingina da katanga. Ta sake su tare. Ƙara ɗaya muka ji. Aka ce ta sake, ta sake, haka dai. Ba mutanen gidanmu kaɗai suka taɓa wannan zato ba. Masanin Girka Aristotal ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa, aka yi kusan shekara 2,000 ana maimaitawa saboda girman wanda ya faɗa. A 1586 wani masani mai suna Simon Stevin ya hau hasumiyar wata majami'a a garin Delft na ƙasar Holan, ya saki dunƙulen dalma biyu, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau 10, suka dira tare. Galileo na Italiya ya bi diddigin lamarin ta hanyar gangaro da ƙwallaye a kan katako, kuma da yake babu agogon daƙiƙa a zamaninsa, da ruwa yake auna lokaci: ya tari abin da ya tsiyaye ya ɗora a sikeli. Takarda da gashin tsuntsu iska ce ke riƙe su. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin shaho a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan filin lafiya da balan-balan? Ruwansa shi ne tambayar Inna. Babu ranar da zan yi a kantin magani ban ji an ce, "A ba ni irin wanda aka ba maƙwabciyata, ya yi mata aiki," ko "Duk lokacin da yaron nan ya yi mura wannan kafso nake ba shi, kwana biyar ya warke." Mura ƙwayar bairas ce ke kawo ta, kuma a mafi yawan yara takan tafi da kanta cikin kwana bakwai zuwa goma. Antibayotik irin su amoksisilin ba sa taɓa bairas. Jikin yaron ne ya yi aikin, kafso ya karɓi yabo, kamar yadda tsumma ya karɓi yabon yashi. Da abin ya tsaya a asarar kuɗi da da sauƙi. Amma duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa buƙata ba, ƙwayoyin bakteriya da ke jiki na samun damar koyon jure masa. Ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, sai a tarar maganin ya daina ci.

Haka zancen zazzaɓi yake. Uwa ta ga jikin ɗanta ya yi zafi, ta ba shi farasitamol da maganin maleriya da antibayotik da jiƙo, duk a yini ɗaya. Idan ya warke ba ta san wanne ya yi aiki ba, gobe ma sai ta maimaita duka huɗun. Idan kuma ƙuraje suka feso masa ko ya kama amai, likita ma sai ya sha wahala kafin ya gano wanne ne bai karɓe shi ba. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, kuma yayin da ake ɗura wa yaro maganin cutar da ba ita ke damunsa ba, ta gaskiyar na can tana cin ƙarfinsa.

Wannan hanya ta kwatantawa ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Likitan nan Abubakar al-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 10, ya rubuta yadda ya yi wa wasu marasa lafiya wani magani, ya kuma bar wasu masu irin alamun da gangan, don ya kwatanta sakamakon. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya jera sharuɗɗa bakwai na gwada magani a littafinsa Al-Ƙanun. Daga ciki akwai cewa maganin ya zama tsantsa ba gauraye ba, a gwada shi a kan cuta guda, a lura da lokacin da ya fara aiki, sannan amfaninsa ya riƙa maimaituwa a kullum ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kawai.

A 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke kumbura dasashi da karya ƙarfin jiki, wadda yanzu muka san rashin bitamin C ke kawo ta. Ya ajiye su wuri ɗaya, abincinsu ɗaya, ya raba su biyu-biyu. Wasu ya ba su khal, wasu ruwan teku, wasu lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya a kullum. Cikin kwana shida ɗaya daga masu shan lemo ya koma bakin aiki. A 1948 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a Birtaniya kan allurar sitireftomaisin ga masu tarin fuka, inda aka bar wa ƙuri'a zaɓen wanda zai shiga wane rukuni, don kada son ran likita ya shiga ciki. A kan wannan tsari ake gwada magunguna har yau.

Mu ma a nan mun ci moriyarsa. Iyayenmu sun san kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, kuma ya yi aiki shekaru da yawa. Da ƙwayar maleriya ta koyi jure masa, gwaje-gwajen da aka yi a shiyyoyin ƙasar nan ne suka nuna haka, har Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan ACT a 2005. Shi kansa sinadarin atimisinin da ke cikin wannan haɗi daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace tsofaffin rubuce-rubucen maganin gargajiyar ƙasarsu, suka yi ta gwadawa har suka fitar da shi a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Don haka idan aka tambaye ni tsakanin na asibiti da na gargajiya wanne ya fi, nakan ce ni abin da nake tambaya shi ne: an gwada? A kan mutum nawa? An kwatanta da me? Nawa ake sha? Jiƙon ganyen ba ya maye gurbin ƙwayar da aka auna, domin ba wanda ya san adadin sinadarin da ke cikin kofi ɗaya, kuma kofin yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba.

Sai dai gwaji na da iyaka, kuma mu 'yan Arewa muna da dalilin sanin haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari na daga cikin abubuwan da suka sa wasu suka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Darasin shi ne gwaji a kan ɗan Adam sai da sani da yardar mai shi ko iyayensa, da sa idon hukuma irin NAFDAC da kwamitocin ɗa'ar bincike. Balan-balan ana iya fasa 30 a sayo wasu, yaro kuwa ba shi da madadi. Saboda haka ba cewa nake uwa ta riƙa gwada magunguna a kan 'ya'yanta ba. Nata shi ne ta yi tambaya, ta lura, ta riƙe sunan abin da ta ba yaro da lokacin da ta ba shi, ta faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Yara kuma a nesanta su da duk wani magani, da kalanzir, da fiya-fiya, da ashana. Waɗannan ba kayan gwaji ba ne, a kulle su a sama.

Ga wanda ke son 'ya'yansa su yi irin wannan gwaji a gida, akwai matakan kariya da ba na son a yi wasa da su, domin rigakafi ya fi magani.

Na farko, shi kansa balan-balan yana da haɗari ga ƙananan yara. Wanda ba a hura ba, ko guntun wanda ya fashe, idan yaro ya sa a baki ya ja numfashi, yana iya mannewa a maƙogwaro ya toshe hanyar iska, kuma fitar da shi na da wuya domin robar na bin siffar wurin. A Amurka doka ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin fakitinsa game da yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Don haka babba ya tsaya a wurin, mai rarrafe ya kasance a goye, kuma a tsince kowane guntu da zarar ya fashe. Tsincewar za ta amfani awaki ma, waɗanda roba da leda ke cushe musu tumbi.

Idan wani abu ya shaƙe yaro yana iya tari, a bar shi ya yi tarin, kada a zura yatsa ana lalube a makance. Idan ba ya iya tari ko kuka ko numfashi, jaririn da bai kai shekara ba a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tudun hannu, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau biyar da yatsa biyu. Wanda ya haura shekara a buga bayansa sau biyar, sannan a tsaya ta bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau biyar. A ci gaba da maimaitawa yayin da wani ke neman abin hawa zuwa asibiti.

Na biyu, babu hawa katanga, rufin ɗaki, bishiya ko bakin rijiya. Iya tsawon da hannun yaro ya kai yana tsaye a ƙasa ya wadatar. Na uku, bokitin ruwa kada a bar shi a buɗe ko bayan an gama. Yaro mai koyon tafiya nauyin kansa kan rinjaye shi, idan ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi ba tare da an ji motsi ba. Na huɗu, idan fatar yaro na yin ja ko ƙaiƙayi ko leɓensa na kumbura bayan ya taɓa balan-balan, jikinsa ba ya son irin wannan roba. A daina ba shi, kuma a riƙa faɗa a asibiti, domin wasu safofin hannu na ma'aikatan lafiya da irinta ake yin su. Inda babu balan-balan, ƙullin leda irin ta ƙanƙara ko zoɓo ma ya isa, a dai tabbatar ruwan daidai yake a kowanne.

Sauran aikin na baki ne, kuma ba ya buƙatar digiri. Kafin yaro ya saki abin a tambaye shi, "Me kake zato zai faru?" Bayan ya saki a ce, "Sake mu gani." Idan ya yanke hukunci a ce, "Me kuma ya sauya?" Idan zatonsa bai fito daidai ba kada a yi masa dariya, a yaba masa da ya rubuta gaskiya. Idan ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, babu kunya a ce masa, "Mu je mu tambayi malaminku." Matambayi ba ya ɓata.

A 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a garin, ga jami'ar jiha a Gadau. Gine-ginen sun zo har ƙofar gida. Waɗanda za su cika su, su fito likitoci da ungozoma da masu harhaɗa magunguna da za su zauna a asibitocin Gamawa da Zaki da Shira, yanzu haka suna tsakar gidajenmu suna jiƙa ƙasa, musamman 'yan matan da muka fi saurin cewa su tashi su kama aiki. Kowa ya san yadda mata a karkararmu ke neman mace 'yar'uwarsu ta duba su. Wanda kuma bai zama likita ba zai zama uba ko uwa, kuma wata rana zai tsaya gaban mai tallan maganin da ke warkar da cuta 40, da ɗansa marar lafiya a kafaɗa. Abin da zai cece shi a ranar shi ne ko an bar shi ya saba da tambaya tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.